Blessing Etim Da Sana'ar Wasan Kurket A Ikko

Duk Bahaushen da ke fita daga Apapa ko Agege zuwa tsibirin Ikko ya san Dandalin Tafawa Balewa, watau tsohon filin sukuwa inda aka yi bikin samun mulkin kai a 1960. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a gefen dandalin akwai filin ciyawa na wasan kurket, wasan da Turawan Ingila suka kawo, wanda tun 1904 Ikko ta kara da ƙasar Gwalkwas, Gana ta yanzu, a cikinsa. Shekaru aru-aru wasan maza ne, galibi 'yan makarantun gwamnati. Mata ba su sami shiga sosai ba sai a wannan ƙarni.

Cikin waɗanda suka share wannan hanya akwai Blessing Etim. A 2018 hukumar kurket ta duniya ta yarda a riƙa lissafa wasannin mata na dukan ƙasashen da ke cikinta a matsayin cikakkun wasannin duniya, sai Nijeriya ta fara nata da Ruwanda a Abuja cikin Janairun 2019. A watan Mayu na shekarar, Blessing ce ta shugabanci 'yan wasan zuwa gasar Afirka a Harare.

Ranar da ta fi yin suna kuwa ta zo ne a Satumban 2021, a Gaborone ta ƙasar Botsuwana, a karawa da Kamaru. Sai an ɗan yi wa mai karatu bayani kafin ya ga girman abin. A wannan irin wasa kowane ɓangare yana da zagaye 20, kowane zagaye jifa shida ne, kuma ba a yarda mai jifa ɗaya ya wuce zagaye huɗu ba. Blessing ta yi nata huɗun cif, jifa 24 ke nan, ba a ci ko maki ɗaya a kanta ba, ta kuma fitar da 'yan Kamaru huɗu. Gaskiya ne Kamaru sababbin shiga ne a lokacin, amma mai jifa yakan yi shekaru bai ga irin wannan rana ba ko da a wasan unguwa.

A Maris na 2024 ta sake jagorantar su a Wasannin Afirka da aka yi a Akara, suka doke Yuganda suka ɗauko lambar tagulla. Ƙannenta 'yan ƙasa da shekara 19, ƙarƙashin Lucky Piety, su kuma suka kayar da Niyu Zilan da maki biyu a gasar duniya a Maleshiya cikin Janairun 2025.

To, amma lambar yabo daban, abin kai wa bakin salati daban. A Indiya an kafa gasar kulob-kulob ta mata a 2023, inda kulob ɗin Bangalor ya sayi Smriti Mandhana a kan rupi miliyan 34. A nan gida, 'yar wasa ta dogara ne ga ƙungiyar jiharta, da Bikin Wasanni na Ƙasa, da gasar gayyata wadda Hukumar Kurket ta Nijeriya ta fara shiryawa a filin Tafawa Balewa a 2022. Wasanni ne na 'yan kwanaki. Sauran watannin shekara sai karatu ko wata sana'a. Wannan shi ne gyaran da ya fi gaggawa, domin yarinyar da ta ga ba ci gaba za ta ajiye sanda tun ƙarfinta bai kai ba.

Har ila yau, yawancin 'yan wasan daga Kudu suke, musamman Jihar Edo, inda aka shigar da wasan makarantun 'yan mata. Yaran Hausawan Obalende kuwa, da ƙafa ma suna iya zuwa filin.