Igiya tsakanin mangwaro biyu: abin da na gani a bayan garin Meiganga

A hutun makarantar da ya wuce, ƙanena ɗan shekara 14 ya dawo gida tafin hannunsa ya yi jawur. Inna ta tsare shi da tambaya, ya ce igiya ya taya ɗaurewa. Washegari na bi shi, in ga wace irin igiya ce ta hana yaro zaman gida.

A bayan gari, wani malamin lekol da ya yi sikawut yana yaro ya sa an ɗaure igiyoyi biyu tsakanin bishiyoyin mangwaro. Ta ƙasa ta takawa ce, tsayinta daga ƙasa bai wuce gwiwa ba, ta sama kuma ta kamawa. Dokar wasan ɗaya ce: ba mai hawa sai yara huɗu sun tsaya a gefensa, hannuwa a miƙe, suna binsa taki-taki don su tare shi in ya zame. Kuma mai hawa ba shi ke zaɓen masu tarbarsa ba. Malam ke zaɓa, kuma da gangan ba ya haɗa abokai.

Wannan horo yana da asali. A farkon ƙarni na 20, wani hafsan sojan ruwan Faransa, Georges Hébert, ya tsara motsa jiki a fili, da hawa da tsalle da tafiya a kan siririn abu, kuma daga nan filin cikas na horon soja ya samo tushe. A 1941 Kurt Hahn da Lawrence Holt suka buɗe makarantar Outward Bound a Wales ta Birtaniya, don matasan ma'aikatan jiragen ruwa su koyi juriya da dogara da juna lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yau a Turai da Amurka har kamfanoni na kai ma'aikatansu irin waɗannan filaye.

Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Duk wanda ya taɓa ganin haƙar rijiya ya san mai shiga rami ya bar ransa a hannun masu riƙe igiya a sama. Bambancin kawai, a nan an mai da abin darasi.

Kuma Meiganga na bukatar darasin. Gbaya da Fulani da mu Hausawa kasuwa ɗaya muke ci, amma yaranmu sau da yawa kowa da unguwarsa da yarensa. Tun 2014 kuma 'yan gudun hijira daga Afirka ta Tsakiya suka ƙaru a yankin Mbere, aka buɗe musu sansanoni a Ngam da Borgop, wasu suka zauna cikin gari. Yaron da ƙanena ya tsaya wa ran nan ɗaya daga cikinsu ne. Ya kai tsakiya, igiya ta fara rawa, ya daskare. Ba su da yare ɗaya sai ɗan Fulatanci da guntun Faransanci. Na ji ƙanena yana cewa: "Taka dai, muna nan." Ya taka. Da ya sauka bai ce uffan ba, sai ya je ya tsaya cikin masu tarbar na gaba.

Na tambayi Malam me ya hana shi ɗaga igiyar sama yadda ake gani a bidiyon Facebook. Ya ce hawa sama sai da igiyar da aka yi don haka, da ɗamarar tsaro, da ƙugiyar ƙarfe mai kulle, da hular kwano, da wanda ya koyi aikin. Igiyar ɗaure shanu ta kasuwa ba ta wannan ba ce. Iyaye, duk inda kuka ga an rataye yara a sama babu waɗannan kaya, ku janye naku.

Da na ba Inna labari, sai ta ce: "To Allah ya tsare. Amma ƙanwarsa fa, ita ba ta da ƙafa ne?" Gaskiyarta, ban ga mace ko ɗaya a wurin ba. Na kai wa Malam saƙon. Ya ce in aka samu malama da za ta tsaya musu, mangwaron na nan, igiyar ma na nan.