Gonar Baba a tsakiyar bulo

Shekara 26 ke nan ina sayar da shadda da atamfa a Yawunde, amma duk kaka daga gida ake aiko min da geron kunu. Daga gonar marigayi Baba yake fitowa, wata 'yar gona da ba ta kai eka biyu ba, a bayan Kano ta wajen Ungogo. Muna yara, in ka tsaya a cikinta ba ka hango komai sai dawa da bishiyar ɗorawa. Da na je bikin 'yata shekara uku da suka wuce, sai na tarar gidaje sun kewaye ta ta gefe uku. Makwabtanmu duk sun sayar, dillalai sun yanka awon igiya, an hau gini ba titi ba kwata.

Abin da ya fara tayar min da hankali shi ne iyakar gabas. Gambar da Baba ya dasa ta ɓace, an zuba harsashin wani gida kusan taku huɗu a cikin namu. Ga hanyar babur ta ratsa tsakiyar gonar, ga leda ko'ina, ga awakin unguwa. Ƙanina da ke nomawa ya ce ya gaji da faɗa da mutane, bara ma rabi ya shuka.

Amma babbar ɓarakar a cikin gida take. Tun rasuwar Baba ba mu raba gadon ba, kunya ta hana kowa tayar da maganar. Mu bakwai ne. Dillalai kuwa sun san haka, ɗaya bayan ɗaya suke bin mu. Yayarmu ta kira ni da daddare ta ce, “Alhaji, kai kana can kana juya kuɗi. Ni marayu biyar gare ni, gero ba ya biyan kuɗin makaranta.” Ban iya ce mata komai ba, don gaskiya ta faɗa. Mu da ke waje mun iya son gonar gado, tunda ba mu ke shan ranarta ba.

Sai na ɗaga tafiyata da mako uku. Muka kira malami ya raba gadon a gaban dagaci da shaidu, aka rubuta. Yaya da ƙannena mata biyu suka ce kuɗi suke so, na saye kasonsu a farashin da dillali ya taya, ban rage ko sisi ba. Jarin shagona ya ji jiki, har yau ban gama farfaɗowa ba. Daga nan muka ɗauko mai awo ya fitar da taswira, aka kafa turakun kankare a kusurwoyi, muka shiga neman takardar mallaka. Taku huɗun nan kuwa mun bar wa mai ginin bayan sulhu, ya biya, ya sa hannu cewa nan ce iyaka.

Wani abu da 'yan'uwa ya kamata su sani: a Najeriya, Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamnan jiha. In gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta abin da ke kansa ce, wato gini da shuka da itatuwa. Gonar da aka bari fayau ba ta da abin lissafawa.

Shi ya sa muka daina gero, tsuntsaye ma sun hana shi tunda babu sauran gonaki kusa. Muka zagaye da waya da bini-da-zugu, aka haƙa rijiyar burtsatse, ƙanina ya koma alayyafo da latas da zogale, muka dasa mangwaro 20. Matan gidajen da suka matse mu su ne yanzu masu sayen ganyen, wasu har ruwa suke ɗiba.

Dillalai ba su haƙura ba. Ko watan jiya wani ya samo lambata ta Kamaru, ya ce wani mai kuɗi yana son wurin zai gina makaranta. Na ce masa ya je ya tambayi ƙanina nawa ne daurin alayyafo. Geron kunu kuwa, yanzu a kasuwa nake saye.