Yanke Zare da Share Zare a Cikin Rami Mai Zurfi

1.0 Gabatarwa

Ma'anar zare a bakin bakanike daban take da ma'anarsa a bakin masaƙi. A wurin bakanike, zare shi ne tsagin nan da ya kewaye jikin noti, da kuma takwaransa da ke cikin ramin da notin yake shiga. Wannan maƙala za ta dubi zaren cikin rami ne, musamman rami mai zurfi wanda ido ba ya ganin gindinsa, irin ramin fulogi a tof silinda da ramukan notuna a jikin bulok na injin mota. Manufar ita ce a nuna cewa yanke zare da share zare ayyuka biyu ne mabambanta, kuma rashin bambance su ne yakan jawo asarar ƙarfe mai tsada.

2.0 Awon Zare

Ba kowane zare ne yake shiga kowane rami ba. A shekarar 1841 Joseph Whitworth ya gabatar da daidaitaccen zare a Ingila, mai kusurwa digiri 55. A 1864 kuma William Sellers ya fito da nasa a Amurka, mai digiri 60, kusurwar da zaren awon milimita shi ma yake da ita. Ana kiran zaren milimita da lamba biyu, wato kaurin noti da tazarar da ke tsakanin tsagi da tsagi. Alal misali, fulogin motoci da yawa M14 x 1.25 ne. Idan aka cusa noti na wani awo a ramin da ba nasa ba, yakan yi juyi biyu ko uku sa'an nan ya cije. A rami mai zurfi mai aiki ba ya ganin dalilin cijewar, sai ya ƙara wa sifana ƙarfi, zaren ya tafi ke nan.

3.0 Yanke Sabon Zare

Abin da ake yanke zaren rami da shi makanikai suna kiransa taf. A nan za a kira shi mayankin zare. Kafin a sa shi sai an huda rami daidai awo, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce: a ɗebe tazarar zare daga kaurin noti. Zaren M10 x 1.5 yana buƙatar huji mai faɗin milimita 8.5 ke nan. Mayankan hannu uku ne a jere. Na farko mai tsinin baki ne, shi yake buɗe hanya. Na biyu ya bi sawunsa. Na uku mai dakusasshen baki shi yake kai zare kusa da gindin ramin da ba shi da mafita.

Babbar matsalar zurfi ita ce ɓarɓashin ƙarfe. A rami mai mafita yakan zube ta ɗaya gefen, amma a toshesshen rami taruwa yake yi a gindi. Saboda haka ne ake juya mayanki gaba kamar rabin juyi, a dawo da shi baya kaɗan don ɓarɓashin ya karye, a kuma riƙa fito da shi ana gogewa. Akwai mayanki mai murɗaɗɗen kwari wanda yake jawo ɓarɓashi sama, shi ya fi dacewa da irin wannan rami. Inda hannu ba ya kaiwa akan yi amfani da mayanki mai dogon wuya ko a ɗaura masa ƙari. Sai dai duk tsawon da aka ƙara yana rage abin da hannu yake ji, alhali a wannan aiki hannu ne yake maye gurbin ido. Ƙarfen mayanki kuwa mai tauri ne ƙwarai, ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi. In ya karye a ciki, abin huji na yau da kullum ba ya cin sa.

4.0 Share Tsohon Zare

A nan ne kuskure ya fi aukuwa. Tsohon zare yakan cushe da tsatsa da ƙonannen mai, wani lokaci tsagin farko ya lauye. Abin da yake bukata shi ne masharin zare, wanda ya yi kama da mayanki amma ba shi da kaifi: datti yake kwashewa, ya kuma miƙar da abin da ya lauye. Wanda ya sa mayanki a wannan aiki zai ga notin ya shiga sumul, ya yi murna, alhali ya kankare ƙarfen da ba ya dawowa. A tof silinda na alminiyam, wanda ƙarfensa mai taushi ne, wannan kaɗai ya isa ya sa zaren fulogi ya saki daga baya. A ganin mai wannan maƙala, bakaniken da ya ɗauki tsohon noti mai lafiyayyen zare ya tsaga masa kwari biyu ko uku da zarto, ya mai da shi mashari, ya fi wanda ya ɗauko sabon mayanki hikima.

Ramin fulogi yana da nasa haɗari, domin ƙarƙashinsa silinda ne da fistin. Shi ya sa ake cika kwarin mashari da giris don ɓarɓashi ya maƙale, a kuma fara juyin da yatsu, ba da sifana ba. Akwai ma wani mashari da ake zurawa a tsuke har ya wuce zaren, a buɗe shi, sa'an nan a kwanto shi waje, ta yadda zai fara daga lafiyayyen zaren ƙasa ya gyaro lalataccen na sama.

Ramukan notunan bulok kuwa, ban da share su, wajibi ne a tsane su. Ruwa ko baƙin mai da ya kwanta a gindin toshesshen rami ba ya matsuwa. Idan noti ya sauka a kansa yana iya tsaga bulok ɗin. Har ila yau, zare mai datti yakan yaudari sifanar awon ɗauri: ta nuna an kai adadin da ake so alhali gogayya ce ta cinye ƙarfin, gaskit bai dannu yadda ya kamata ba. Idan kuwa zaren ya riga ya cinye gaba ɗaya, shara ba ta da amfani. Sai a ƙara faɗin ramin, a yanke zare mafi girma, a dasa masa naɗaɗɗiyar waya irin ta Heli-Coil wadda take mayar da ramin awonsa na asali.