Baje Kolin Littattafai da Makarancin Funtuwa da Malumfashi

Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962, takan kira babban taro kowace shekara, kamfanonin ɗab'i kuma su biyo ta da hajarsu. Sukan jera littattafai bisa tebura a bakin zauren taro. Ma'aikacin laburare ya ɗauka ya duba, ya tambayi farashi, ya karɓi jerin sunayen littattafan ya koma da shi gida, domin daga ciki zai zaɓi na saye idan kuɗi sun samu. Watau littafin da bai hau tebur ba, da wuya ya hau kantar laburare.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne ga makarancin Funtuwa ko Malumfashi, ƙasar auduga da masara, inda Hausa ce harshen gona da kasuwa. Abin mamaki, Zariya, cibiyar ɗab'in Hausa, tana nan kusa: can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, da NNPC a 1966. Amma manyan kamfanoni, masu ƙarfin biyan kuɗin tebur, sun fi karkata ga littattafan makaranta na Turanci, don nan riba take.

Littattafan Adabin Kasuwar Kano kuwa, da suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, wata hanya suka bi. Marubutansu suka buga su da kuɗin aljihunsu, 'yan kasuwa suka kai su garuruwa, masu shagunan haya suka ba da su kwana ɗaya ko biyu.