Ba kowane ciwon ƙirji ne olsa ba

Wata Laraba bayan sallar La'asar, yayana ya dafe ƙirji, ya ce yana jin suka kamar ta mashi, numfashinsa kuma yana sarƙewa. Nan take muka yanke hukuncin da gidaje da yawa kan yanke: olsa ce. Aka aiki yaro kemis. Sai da abin ya ci tura cikin dare muka garzaya asibiti. Hoton ƙirji ya nuna iska ta taru tsakanin haƙarƙarinsa da huhunsa na dama, har huhun ya motse. Aka sa masa bututu, aka fitar da iskar. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma ba dabararmu ce ta cece shi ba.

A wannan daren na fahimci cewa ciwo ɗaya yana iya samun sanadi da dama, kuma gani ya kori ji. Likita kan fara da gwajin ECG, wanda ake so a yi cikin minti 10 da isowar mara lafiya, domin gano toshewar jijiyoyin zuciya. Daga nan sai hotuna. Hoton ƙirji na yau da kullum yana nuna motsewar huhu ko ciwon nimoniya. Hoton zuciya da ake ɗauka da sauti yana nuna yadda take harbawa, da ko ruwa ya kewaye ta. Na'urar CT kuwa, wadda aka fara gwadawa a kan mara lafiya a Landan a 1971, ita ke fallasa gudan jini a jijiyar huhu, ko tsagewar babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya.

Bambancewar nan batu ne na rai da mutuwa. Maganin tsinka jini da ke ceton mai gudan jini yana iya hallaka wanda babbar jijiyarsa ta tsage. To, ta yaya mai kemis zai rarrabe su da ido?

Na san hoton CT ya fi ƙarfin aljihun talaka, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Wannan nauyi ne a wuyan hukumomi: su samar da ita, da ƙwararru, da wutar lantarki. Namu nauyin shi ne hanzari. Duk wanda ciwon ƙirji ya far masa kwatsam, musamman tare da gumi, jiri ko sarƙewar numfashi, a nufi asibiti da shi, kada a bi ta kemis.