Sarkin Yawa a Majalisa

Kullum da sassafe mutanen Ɗorayi su kan fita zuwa aiki a masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai. Hanyoyin da su ke bi, da makarantun da 'ya'yansu ke karatu, da kuɗin gwamnati a ke yin su. Amma Gwamna ba shi da ikon kashe kuɗin nan sai Majalisar Dokoki ta yarda. To, yaya majalisa ke yanke shawara?

Majalisar Dokokin Jihar Kano tana da wakilai 40. Mutanen Ɗorayi suna jefa ƙuri'arsu tare da sauran jama'ar Gwale, su zaɓi wakilinsu. Ko wane wakili yana da jam'iyyarsa. Jam'iyyar da ta sami fiye da rabin kujeru, watau 21 ko fiye, ita a ke kira mai rinjaye. Sauran kuwa su ne 'yan hamayya.

Wakilai su ke zaɓen Shugaban Majalisa, saboda haka galibi daga cikin masu rinjaye ya kan fito. In an kawo shirin doka, sai a yi muhawara, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Sa'an nan Shugaba ya tambayi waɗanda su ka yarda da waɗanda su ka ƙi. Gefen da ya fi yawa shi ya ci. Ka ga gaskiyar Hausawa da su ka ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Ga misali. A zaɓen 1979 jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano ta ci kujerar Gwamna a Kano da Kaduna. A Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya tarar da majalisa cike da 'yan jam'iyyarsa, ya naɗa kwamishinoninsa, ya kama aiki. A Kaduna kuwa jam'iyyar NPN ke da rinjaye. Duk sunayen da Gwamna Balarabe Musa ya aika don a ba su kwamishina, majalisa ta ƙi amincewa da su. A shekarar 1981 ta tsige shi daga mulki. Tsige Gwamna babban al'amari ne, fiye da rabi bai isa ba, sai kashi biyu cikin uku na wakilai sun yarda.

Kada ku ce 'yan hamayya ba su da amfani. Su ne ke tambayar inda kuɗin jama'a ya tafi, su nuna kuskure tun kafin ya zama doka. Rinjaye kuma ba gado ba ne. Bayan shekara huɗu a kan sake zaɓe, mai rinjaye yau ya iya zama ɗan hamayya gobe.

Tambayoyi
1. Kujeru nawa jam'iyya za ta samu kafin ta yi rinjaye a Majalisar Kano?
2. Me ya sa aiki ya yi wa Gwamnan Kaduna wuya?
3. Mene ne amfanin 'yan hamayya?