Amsoshin Takardunku: Don Me Likita Ya Ƙi Ɗura Wa Jariri Jinin Ubansa?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani mai sauraronmu, manomin shinkafa a ƙasar Argungu. Ya ce an haifa wa ƙanensa ɗa da toshewar hanji, likitoci suka ce sai an yi tiyata, a tanadi jini. Uban yaron ya miƙa hannu a ɗiba, aka ce za a karɓa a ajiye, amma na wani za a ɗura wa yaron. Kuma sai aka ɗebi jinin maijego aka kai ɗakin gwaji. Shi ne yake tambaya, wane jini ne ya fi na uba dacewa da ɗansa?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Da farko dai ka sani jinin jariri kaɗan ne ƙwarai. Babban mutum yana da kamar lita 5 a jikinsa. Jaririn da aka haifa da nauyin kilo 3 kuwa, duk jininsa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na lita ba, watau rabin ledar ruwan da ake sayarwa a tasha. Saboda haka cokali biyu ko uku na jini da zai zuba a wajen tiyata, wanda babba ba zai ko ji a jikinsa ba, ga jariri babbar asara ce. Haka kuma in aka ƙara masa fiye da kima, zuciyarsa ba za ta iya ɗauka ba, numfashi ya sarƙe. Shi ya sa sai an auna nauyinsa, a lissafa. Galibi jariri mai kilo 3 ana ba shi kamar cokalin cin abinci biyu zuwa uku ne a karo guda, a hankali, a gama cikin awa huɗu.

Sai batun gwada maijego. Tun 1901 wani likita a ƙasar Ostiriya mai suna Karl Landsteiner ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne, waɗanda yau ake kira A, B, AB da O, kuma in aka haɗa waɗanda ba su jitu ba sai su lalace. Abin da ke lalata baƙon jini shi ne wasu sojojin jiki da ke yawo cikin jinin mutum. Jariri a watanni huɗu na farko bai fara ƙera nasa sosai ba, na uwarsa ne da suka ratsa ta mabiyiya suke tsaron sa. Ka ga kenan duk jinin da za a ba shi tilas ya jitu da na uwar, ba da nasa kaɗai ba. Dalilin ɗibar jininta kenan, ba don a ɗura masa ba.

Daga nan ne matsalar jinin uba take tasowa. Wani lokaci jikin mai ciki yakan ƙera sojoji a kan wani abu da ɗan ya gada daga ubansa. Sojojin nan suna nan cikin jaririn bayan haihuwa. In aka ɗura jinin uban, wanda yake cike da abin da suke farauta, sai su far masa su farfasa shi, yaro ya yi shawara, fitsari ya yi duhu.

Akwai kuma dalili na biyu. Jinin ɗan'uwa na kusa yana kama da na jaririn, har jikinsa ya kasa gane cewa baƙo ne ya shigo. Sai wasu ƙwayoyi na jinin da aka ɗura su sami wurin zama, su juyo suna yaƙar fata da hanta da ɓargon yaron. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru da wuya a tsira. Asibitocin da ke da na'ura sukan haska jinin dangi da wani haske da ke kashe ƙarfin ƙwayoyin nan kafin a ɗura. Inda babu na'urar, jinin bare da aka gwada ya fi aminci. Sai dai fa in rai na hannun Allah kuma babu wani jinin, likita yana iya karɓar na dangi bayan gwaji. Wannan hukuncinsa ne, a bar masa.

Gwajin nan kuwa ba a tsallake shi ko jinin wane ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk jinin da za a ƙara wa mutum a bincika shi don ƙanjamau, da ciwon hanta iri biyu, B da C, da tunjere. Amma cutar da mutum ya ɗauka kwanan nan tana iya ɓuya wa gwaji. Don haka ku guji masu sayar da jininsu da ke raɓewa a ƙofar asibiti. Mai neman kuɗi ba zai faɗa wa ma'aikaci gaskiyar lafiyarsa ba, kuma yawan ɗiba ya tsinka jininsa. Araha ba ta ado a nan.

Bayan wannan, jinin da za a ba jariri da yawa ana so ya zama na kwanan nan, wanda bai wuce kamar mako guda a firji ba. In jini ya daɗe a ajiye, wani sinadari mai suna fotasiyam yakan taru a cikin ledar, kuma yawansa yana iya tsayar da ƙaramar zuciya. Sannan ba a ɗura shi da sanyin firji, akwai yadda ma'aikata ke ɗumama shi. Kada wani ya ce zai taimaka ya tsoma ledar a ruwan zafi, wannan dafa jinin ne.

To me ya rage gare ku iyaye? Irin wannan tiyata akan tura ta manyan asibitoci, kamar Asibitin Sir Yahaya da na Tarayya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. In an tura ku daga Argungu ko Augie ko Gulma, ku tafi da maijego, don ana bukatar jininta a gwada. Ku tafi da mutum biyu ko uku masu lafiya su ba da jini a ma'ajiya, a musanya muku da wanda ya dace. Wanda ya kai shekara 18 da nauyin kilo 50 yana iya bayarwa, abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, kuma jiki yana mayar da shi cikin 'yan makonni. Ba ya hana noma, ba ya rage ƙarfin namiji. Ku faɗa wa likita in an taɓa yi wa uwar ƙarin jini, ko wani ɗanta ya taɓa yin shawara mai tsanani, ko akwai sikila a gidan. Lokacin da jini ke shiga, mai jinya ta sa ido. In ta ga zazzaɓi, ko numfashi sama-sama, ko ƙuraje, ta kira ma'aikaciya nan take, kada ta taɓa igiyar da kanta.

Rigakafi dai ya fi magani. Mai ciki ta je awo, ta sha maganin ƙarin jini, a san rukuninta tun da wuri. A asibiti akan jinkirta yanke cibiya kamar minti ɗaya zuwa uku don jini ya ƙara shiga jikin yaro, a kuma yi masa allurar bitamin K mai hana zubar jini. A bar kai jarirai wurin wanzami cire beli ko tsaga, don yaro na iya zubar da jinin da ba shi da shi. Kuma da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke ƙarar da jinin yara a ƙasar fadama, ma'ajiyar jini takan yi ƙasa. Wanda ya ba da nasa tun kafin a roƙe shi, bai san ɗan wa zai ceta ba.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah ya ba yaro lafiya, ya raya mana shi. Sai mun ji daga gare ku.